Mun kalli gasar zamiyar ƙanƙara a wani gidan kallo a Samaru, ga yadda wurin yake

Jama'a barkanmu da war haka. Tun ranar Asabar ake ta kirana ana tambayata wai da gaske ne mun je gidan kallon ƙwallo mun biya kuɗinmu mun zauna muna kallon Turawa suna zamiya a kan ƙanƙara, wani abokina ma cewa yayi ko dai zafin Zariya ne ya fara taɓa mana kai tun bazara bata shigo ba. Eh da gaske ne. Na gaji da maimaita labari ɗaya shi yasa nace bari in rubuta kowa ya huta, wanda yake son gwada irin abun da muka yi ya san me zai tarar, mai wurin ma in ya gani ya gyara abun da zai gyaru.

Sunan wurin ba zan faɗa ba don akwai inda zan taɓa shi kuma mutumin kirki ne. A Samaru dai yake, cikin lungu ba bakin titi ba, irin mai rufin kwanon nan da dogayen benci da baƙin allo a ƙofa da ake rubuta wasannin ranar da alli. Talabijin biyu ne a ɓangare ɗaya, sai firojekta a ɗaya ɓangaren, an raba tsakani da falanki wanda bai kai sama ba. Ku riƙe maganar falankin nan zan dawo kanta.

Ƙanena ne ya jawo mana. Shi ya nuno min wani guntun bidiyo a TikTok, wani yaro ɗan Amurka siriri yana gudu a kan ƙanƙara da takalmi mai wuƙa a ƙasa kawai sai gani nayi ya yi alkafura ta baya ya dire ya ci gaba da tafiyarsa kaman ba abun da ya faru. Nace wannan haɗin kwamfuta ne. Muka kai ƙara wajen Dakta, wani yayanmu a unguwa da yayi karatun likita a Rasha, yana gani yace ai wannan Ilia Malinin ne, kuma ba haɗi ba ne, a gasar Olamfik ta hunturu ta 2026 da ake yi a Milan ta Italiya ne a lokacin, har Amurka ta ci zinaren rukunin ƙasashe da tazarar maki 1 tak a kan Japan. Yace ranar Juma'a 13 ga Fabrairu ne ƙarshen gasar maza, kuma abun daɗin agogon Italiya da namu ɗaya ne a wannan lokacin, ba irin na Beijing a 2022 ba da sai mutum ya tashi tsakar dare. Toh kallo a waya mutum biyar sun haɗa kai a kan allo kaman tafin hannu ba tsari ba ne, shi ne muka tara kanmu mu 14 muka je muka samu mai gidan kallon.

Da farko dariya yayi har da riƙe ciki. Yace "Dakta kai ma da girmanka? Rawa fa kenan." Dakta yace "Oga rawar da in ka yi ta minti ɗaya sai an kai ka asibitin Shika." Daga ƙarshe dai ya yarda zai ba mu ɓangaren firojekta, kowa naira 500, mu za mu kawo laftop da data, shi kuma wuta da sifika da wurin zama. Na maza muka zaɓa da gangan, don kayan da matan ke sawa ba abun da za ka haska a bango a cikin unguwa ba ne ka kwana lafiya, wannan kowa ya sani ba sai an faɗa ba.

Bari in fara da abun yabo. Hoton firojektan nan wallahi ba laifi, ya fi ƙarfin kuɗin da muka biya. Farin ƙanƙarar ya cika bango har yana haska fuskokinmu, in an maimaita tsalle a hankali kana ganin ɓurɓushin ƙanƙara na tashi daga ƙarƙashin takalmi. A nan na fara ganin wuƙar da kyau, siririya ce kaurinta bai wuce milimita 4 ba, Dakta yace tsakiyarta a ɗan rarake take shi yasa take da kaifi biyu, na ciki da na waje, sannan a gaba akwai haƙora kaman na zarto da ake caka wa a ƙanƙara in za a tashi sama. Filin kuma mita 60 ne a tsawo 30 a faɗi. Baba mai shayi da ke ƙofar wurin ya leƙo da butarsa a hannu ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai cewa yayi "yanzu duk wannan ƙanƙara ce? Ga azumi ya matso, da a Sabon Gari take ai an yi kuɗi." Har yanzu in na tuna sai nayi dariya.

Wuta ma ba mu samu matsala sosai ba. An ɗauke sau ɗaya, yaron wurin ya tada janareto cikin minti biyu, laftop dama da cajinsa, firojektan ne kawai ya ɗan yi jinkirin dawowa. Sannan da aka tsaya gyaran fili, wata mota ce ke shigowa tana kankare saman ƙanƙarar tana zuba ruwa ya sake daskarewa sumul, sai muka samu muka fita muka yi isha'i muka dawo ba abun da ya wuce mu, mai wurin ma ya ajiye buta da tabarma a gefe. Wannan na yaba masa.

Yanzu falanki. Ku da kuka saba kallon ƙwallo kun san hayaniya ita ce gishirin kallon, ko ba a jin mai sharhi ba komai. Wannan wasan ba haka yake ba, kowane ɗan wasa da kiɗan da ya zaɓa kuma a kansa yake tafiya, inda kiɗa ya tashi nan yake tsalle inda ya lafa nan yake lanƙwasa jiki, alƙalai ma suna ba da maki a kan yadda motsi ya dace da kiɗan. Toh a ɗaya ɓangaren ana nuna ƙwallo, sifikarsu ƙatuwa irin ta biki, tamu kuma wata 'yar ƙarama mai tsatsa a baki da in an ƙure ta sai ta fara kuka kaman ƙudan zuma a gwangwani. Mutum na tsakiyar juyi kaman katantanwa, kiɗa ya yi sanyi, sai kawai ka ji an kwarara ihun "fanareti ne wallahi!" ta saman falanki. Sau uku ina tashi in je in roƙi arziki a rage, sai a rage na minti biyar a sake ƙurewa. Rabin farko na gasar gaskiya da ido kawai muka kalla. In ka cire kiɗan abun da ya rage mutum ne sanye da kaya masu ƙyalli yana ta ɗaga hannu sama ba dalili, ba mamaki mai wurin ya ce rawa ce.

Abu na biyu ya ma fi ɓata min rai don gyaransa ba kuɗi. A saman allo ta gefen hagu akwai wani ɗan akwati da ke nuna makin da ɗan wasa ke tarawa yana cikin yi, duk tsalle ɗaya sai lamba ta ƙaru. Shi firojektan an saita shi ne don ƙwallo an ɗan karkata shi, sai wannan kusurwar ta faɗa kan katakon rufi, lambobin sun lanƙwashe ba a karantawa. Muka ce a gyara, yaron wurin yace Oga ya hana a taɓa, Oga kuma ya tafi sayo mai. Sai da ya dawo aka sa bulo da kwalin sigari a ƙarƙashi aka daidaita, lokacin 'yan wasa 12 sun riga sun wuce cikin 24.

Da ba don Dakta ba da mun tashi a tutar babu, wannan ba sabis ɗin gidan kallo ba ne amma dole in faɗa, duk wanda zai shirya irin wannan ya nemo wanda ya san wasan. Shi ya zauna a tsakiya yana mana fashin baƙi. Gasar kashi biyu ce, gajeren wasa na minti 2 da sakan 40 wanda aka riga aka yi kwana uku kafin nan, sai dogon na minti 4 wanda muke kallo, a haɗa makin biyu. A cikin minti huɗun nan, a dokar lokacin, akwai tsalle 7 da juyin katantanwa 3 da kuma taku. Tsallen kala 6 ne amma ni ɗaya kawai na iya ganewa da idona, Aksel, don shi kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba, sauran duk da baya ake tashi, kuma tunda da baya ake dira sai ya zama yana da ƙarin rabin juyi. Sunan wani ɗan Norwe ne, Axel Paulsen, da ya fara yinsa a 1882. Shi Malinin ɗin abun da ya ɗaga sunansa kenan, a watan Satumba 2022 ya zama mutum na farko da ya dire Aksel mai juyi huɗu da rabi a gasa, yana ɗan shekara 17. Juyi huɗu da rabi a iska cikin abun da bai kai sakan ɗaya ba, sannan ka dira da ƙafa ɗaya a kan wuƙa a kan santsi. Ni da ko a tayil ɗin masallaci in an yi mofin sai na dafa bango. Makin wannan tsallen 12.5 ne, mai juyi uku da rabi kuma 8, sannan alƙalai 9 kowa ya ƙara ko ya rage har zuwa 5 gwargwadon kyan dirar, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci a raba sauran. In ka faɗi kuma a cire maki 1 daban bayan wanda ka riga ka yi asara.

Alkafurar da ta ruɗe ni ma ashe ba ta da wani makin tsalle, ado ce kawai, kuma haramtacciya ce kusan shekara 50 sai a 2024 aka halatta. Dakta yace wata baƙar fata 'yar Faransa, Surya Bonaly, ta yi ta da gangan a Olamfik ta Nagano a 1998 ta dira da ƙafa ɗaya, ta san za a rage mata maki ta yi abunta. Nan fa 'yan benci suka ce ai dama mun sani, in namu ya yi laifi ne in nasu ya yi fasaha ce. Na bar su da wannan.

Shi Dakta ya taɓa shiga irin wannan zauren da ƙafarsa lokacin yana ɗalibi, yace abu biyu ne allo ba zai taɓa ba ka ba, sanyin da ke tasowa daga ƙasa ya shiga ƙashi ko kana da jaket, da kuma gudun, don kamara na bin mutum sai ka ga kaman a hankali yake alhali in ya wuce ta gabanka har iska kake ji da ƙarar wuƙar tana yankar ƙanƙara. Yace in wanda ake so ya gama sai 'yan kallo su yi ta jefa furanni da 'yan tsana cikin fili, ƙananan yara su shigo da takalmansu su kwashe. Mu dai sanyin da muka samu na hunturun da ya rage ne yana shigowa ta ƙarƙashin kwano da ƙura, benci kuma bayan awa uku ya fara gaya min gaskiya a ƙugu. Wanda zai je ya tafi da ɗan matashi ko darduma ya ninka.

Wurin ya yi tsit sau ɗaya tun kafin manyan su fito, lokacin wani ɗan Amurka Maxim Naumov. Dakta ya faɗa mana iyayensa duka biyu, waɗanda su ma zakarun duniya ne a 1994, sun rasu a haɗarin jirgin nan na Washinton a Janairun 2025, su ne masu horar da shi, kuma da hotonsu yake zama wurin jiran maki. Wani a bayana da tun ɗazu yake tsokana ya ce "Allah sarki maraya" bai sake magana ba har yaron ya gama.

Sai rukunin ƙarshe, mutum 6. Daidai nan ƙwallon ɗaya ɓangaren ta tashi, aka kashe ƙatuwar sifika, muka ji kiɗa tar a karon farko, amma kuma sai ga 'yan ƙwallo sun kwararo ɓangarenmu su fi 30 ba wanda ya biya ko sisi, mai wurin yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba. Mu da muka biya 500 muka sayi data aka matse mu a ƙarshen benci, wani ma a kan ƙafata ya zauna. Raina ya ɓaci sosai a lokacin. Amma in zan faɗi gaskiya su ne suka sa daren ya zama abun da ake ta kirana a kansa. Cikin minti biyar sun raba gari, sun ji sunan Ilia sun ce Iliya namu ne, sun ji Mikhail Shaidorov ɗan Kazakistan sun ce wannan Mika'ilu ne, shikenan aka koma 'yan Iliya da 'yan Mika'ilu kaman Madrid da Basa. Akwai laƙabin da shi Malinin ke kiran kansa da shi, Dakta yace ba zai fassara ba kar a tashi wurin.

Mika'ilu na biyar yake bayan gajeren wasa ba wanda ya sa shi a lissafi. Ya fito ya yi ta zuba tsalle masu juyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya hau kan teburi, aka zaunar da shi a kujerar wanda ke gaba yana jiran a zo a tashe shi. Duk wanda ya biyo baya sai ƙafa ta ci amanarsa, har Yuma Kagiyama ɗan Japan da ake ganin shi ne zai ja da Malinin sai da ya yi tuntuɓe. 'Yan ƙwallo suka fara cewa an yi wa filin asiri.

Ga laifi na uku, ko da yake rabinsa na netwok ne ba na mai wuri ba. Hotonmu yana baya da kusan minti ɗaya saboda tsayawar da ya yi ta yi yana lodi. Malinin ya shigo shi ne na ƙarshe, shi ke kan gaba, ya fi shekara biyu ba a doke shi ba, ya yi tsallen farko lafiya lau 'yan Iliya suka tashi tsaye, ya juyo ya fuskanci gaba Dakta ya dafa kafaɗata yace "ga shi nan, ga Aksel ɗin", sai yaron ya tashi ya buɗe jiki a iska ya yi juyi ɗaya da rabi kacal ya sauko. Dakta ya ce innalillahi a hankali. Muna cikin wannan sai wani yaro a baya da ke duba X a wayarsa ya daka ihu "ya faɗi! sau biyu ma!" alhali a bangonmu mutumin yana tsaye yana tafiya. Wallahi kaman in tashi in mare shi. Muka zauna muna jiran faɗuwar da mun riga mun san tana zuwa, ta zo, ta sake zuwa, duk da haka da ya zube a ƙanƙarar sai da ɗakin gaba ɗaya ya ce "wash!" da murya ɗaya har Baba mai shayi da ya bar tukunyarsa a wuta. Na takwas ya ƙare. Shaidorov mai shekara 21 ya ɗauki zinare yana toshe baki da hannu shi kansa bai yarda ba, Kagiyama azurfa, wani ɗan Japan ɗin Shun Sato tagulla. Malinin ya taka ya je ya rungume shi ya taya shi murna, fuskarsa kaman wanda aka yi wa rasuwa.

'Yan Iliya suka ce alƙalai sun ci kuɗi. Dakta yace a yau dai ba ruwan alƙali kowa ya ga faɗuwa, amma zarginku yana da asali, a 2002 a Salt Lake City an samu wata alƙaliya 'yar Faransa da maganar matsin lamba a gasar 'yan bibbiyu har aka ba Rasha da Kanada zinare dukansu, dalilin da ya sa aka watsar da tsohon tsarin maki 6.0 kenan aka kawo wannan na lissafi dalla-dalla. Ya kuma ce wanda ya fara ciyo wa Kazakistan lamba a wannan wasa, Denis Ten, tagulla a 2014, ɓarayin madubin mota ne suka caka masa wuƙa ya mutu a 2018 yana shekara 25. Madubin mota fa. Wani ya ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

In maki zan ba wurin, 3 cikin 5. Hoto da wuta da mutunci sun ci, sauti da saitin allo da barin mutane su shigo kyauta a kan waɗanda suka biya sun faɗi. Da muka fito wajen 11 saura na samu mai wurin na faɗa masa duka a gaban idonsa, nace Oga ko dai ka ɗaga falankin nan ya kai rufi ko ka ba mu ranar da ba ƙwallo, sannan a karɓe wayar duk wanda zai zauna a baya. Yace falanki kuɗi ne, amma ranar da ba wasa zai duba. Dakta yace akwai gasar duniya a Prag ƙarshen watan Maris bayan sallah. Oga ya ciro alli daga aljihu yace a faɗa masa yadda ake rubuta sunan wasan a allo, muka tsaya muna gardama tsakanin zamiya da sulɓi, daga ƙarshe ya ce shi dai "Iliya da Mika'ilu zagaye na biyu" zai rubuta, kuma wannan karon 700 ne, kowa da kowa.